Mafarauci da beyar a dajin Amurka: me doka ta yarda, me ta hana?

Wai ace kana daji da bindiga a hannu, ƙatuwar dabba ta taso maka, ka harbe ta, sannan kuma a ce ka zo ka yi bayani. To haka abin yake a jihohin Montana, Wayomin da Aidaho, inda beyar (ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi da manyan farata) nau'in girizili take yawo a dazukan da ke kewaye da gandun Yellowstone. Tun 1975 gwamnatin tarayya ta saka ta cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, don haka kashe ta laifi ne da zai iya jawo tarar da ta kai dala 25,000 da ɗaurin wata 6.

Kafa ɗaya aka bari, kare rai, naka ko na wani. Ko a nan ma ba tafiyarka za ka yi ba, dole ka kai rahoto cikin kwana 5, jami'ai su je wajen su duba sawu da tazarar da ke tsakaninku da inda harsashi ya shiga, su ga ko labarinka ya yi daidai. Kuma gawar ba taka ba ce.

Inda mafarauta suka fi shiga matsala shi ne nama. Mutum ya harbi elk, wata ƙatuwar barewa ce, ya feɗe ya bar kayan ciki, ya dawo da safe ya tarar beyar ta zauna a kai tana karin kumallo abinta. Haushi kam dole, amma doka ba ta san kare nama ba, haƙuri za ka yi ka ja da baya. Hatta a jihar Alaska da girizili ke da yawa har ana ba da lasisin farautarta, an yarda ka kare rai ko dukiya, amma naman da ka farauto ba ya cikin lissafi sai in da shi rayuwarka ta dogara, kuma in sakacinka da abinci ko shara ne ya jawo ta to ba ka da hujja. In ka kashe, fatar da faratanta da ƙoƙon kai duk na gwamnatin jiha ne, ka rubuta rahoto cikin kwana 15.

Shi ya sa hukumar gandun daji ta kafa ƙa'idar ajiye abinci a yankin Yellowstone: ko dai a akwatin da beyar ba ta iya fasawa, ko a rataye ƙafa 10 sama da ƙasa, ƙafa 4 nesa da jikin bishiya, naman farauta kuma aƙalla yadi 100 daga inda kake kwana. Ni a ganina wannan ce dokar da ta fi ceton rai, don mafarauci dama duk abin da ake cewa kar a yi shi yake yi, yana sanɗa ba motsi, da asuba ko magariba, iska na kaɗawa ta fuskarsa yadda warinsa ba zai isa gaba ba, wani ma har kukan elk yake kwaikwaya, ai kuwa sai dai kawai su yi kiciɓis.

Akwai kuma batun kuskure. Baƙar beyar, wani nau'i ne daban da girizili, ana farautarta da lasisi, sai dai Montana ba ta sayar maka sai ka ci jarrabawar bambance ta da girizili, saboda launi yaudara ne, akwai baƙar beyar mai ruwan ƙasa. Girizili tana da tozo a kafaɗa, kunnuwa gajeru, fuska mai ɗan lotsawa, farata dogaye. "Na zata baƙa ce" ba ya wanke mutum.

Feshin barkono na korar beyar kuwa, a gandun Grand Teton da ke jihar Wayomin wajibi ne ga masu farautar elk su riƙe shi inda hannu zai kai nan take, ba can ƙasan jaka ba.