In a wajen aiki ka ji ciwo, kar ka ce mana a gida ne

Jama'a ni a ɗakin wankin ciwo nake aiki, wani ƙaramin asibiti ta wajen Kakuri a Kaduna, kuma akwai abun da ya daɗe yana ci mun tuwo a ƙwarya.

Kwanaki aka kawo mun wani matashi inji ya datse masa yatsu biyu, an naɗe hannun da tsumma duk baƙin mai. Na ce garin yaya? Wai a gida ne wajen faskare. Toh ga takalmin aiki a ƙafarsa, wanda ya rako shi kuma sai sunkuyar da kai yake. Ashe shi ya kunna injin bai duba ba, shine yaron yake son rufa masa asiri kar oga ya kore shi, unguwarsu ɗaya, kwano ɗaya suke ci.

Na san zumunci ne, amma wallahi kanka kake cuta. Abun da ka faɗa mana shi muke rubutawa a kati, kuma katin nan za a nema ranar maganar diyya.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ba ruwanta da waye mai laifi, ita dai a bakin aiki aka ji raunin? Har haɗari a hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida yana ciki. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati da ke biyan diyyar ma'aikata, ba daga aljihun abokinka za a biya ka ba balle ka ji nauyinsa. Ko ƙara ce ta kai ku kotu, sashe na 12 na Dokar Ƙwadago ya hana mai kamfani fakewa da cewa ai abokin aikinka ne ya yi sakaci.

Sai dai akwai lokaci fa. Kwana 14 gare ka ka sanar da wajen aikinka, su kuma kwana 7 su kai rahoto NSITF, neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya. Yi shi a rubuce ka riƙe kwafi, maganar baki tana da saurin ɓata.

Ku kuma abokan aiki, don Allah ku daina wucewa da mutum kemis a ɗaure a yi shiru. Ku kawo shi asibiti, ku riƙe rana da lokaci, in an nemi shaida ku faɗi abun da idonku ya gani. In an ƙi sauraronsa akwai ƙungiyar ƙwadago, kotun ma'aikata ma tana da reshe a nan Kaduna.

Shi dai yaron har yanzu yana zuwa wankin ciwo, da kuɗinsa yake sayen bandeji.