Tiyatar Ƙarin Fituwitari

Fituwitari wata 'yar halitta ce da ba ta wuce ƙwayar wake ba, tana zaune cikin wani gurbin ƙashi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Sinadaran homon da take fitarwa su ke tafiyar da girman jiki da haihuwa da ruwan nono. Yawancin ƙarin da ke tsirowa a cikinta ba ciwon daji ba ne, amma wurin matsattse ne ƙwarai. Daga samanta kaɗan jijiyoyin gani suka gitta juna, don haka ƙarin da ya kai milimita 10 ko fiye yana iya danne su, mutum ya daina ganin abin da ke gefensa.

Ana yin tiyata idan gani ya fara taɓuwa, ko idan ƙarin yana fitar da homon fiye da kima, kamar a cutar Kushin (mai sa kotisol, sinadarin da ke taimaka wa jiki jure wahala, ya yi yawa) da cutar da ke girmama hannu da ƙafa da haɓa. Ƙari mai fitar da furolaktin kuwa, wato homon da ke kawo ruwan nono, da ƙwayoyin magani ake fara masa, kuma galibi sukan isa.

Ta hanci ake bi a mafi yawan lokuta. Likita yakan ratsa kogon ƙashin da ke bayan hanci, ya buɗe gurbin ta ƙasa, ya kwashe ƙarin ba tare da ya fasa ƙoƙon kai ba. Hermann Schloffer ne ya fara bin wannan hanya a Ostiriya a 1907. Harvey Cushing na Amurka ya daɗe yana binta, daga baya ya koma buɗe kai. Jules Hardy ya farfaɗo da ita a Kanada a shekarun 1960 da na'urar ƙara girman abu, a yau kuma da siririyar kyamara ake aiki. Fasa kai sai ga ƙarin da ya bazu nesa.

Bayan aiki ana sa ido kan yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta hanci, domin yana iya jawo sanƙarau. Wasu sukan yi fama da yawan fitsari da ƙishirwa, wanda kan wuce cikin kwanaki. Ƙarancin sinadarin kotisol shi ne abin da bai kamata a yi sakaci da shi ba, don yana iya kisa. Akan hana majinyaci fyace hanci na wasu makonni. Idan hoton MRI ya nuna saura, sai a ƙara da magani ko gashin haske.