Me ake nufi da shafin gwamnati "mai sauƙin amfani ga kowa"?

Idan aka ce shafin gwamnati na intanet yana da sauƙin amfani ga kowa, ana nufin makaho da kurma da mai rawar hannu da dattijon da ganinsa ya ragu duk za su iya cike fom ko biyan haraji da kansu, ba sai sun roƙi wani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna da wata babbar nakasa. Shafin gwamnati kuwa, in ya gagare ka, babu na biyu da za ka koma.

Ma'aunin da ake bi shi ne WCAG, wato ƙa'idojin sauƙaƙa amfani da shafukan intanet, wanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tsara, kuma sigarsa ta 2.2 ta fito a 2023. Matakansa uku ne, A da AA da AAA, kowanne ya fi na gabansa tsauri. Dokokin ƙasashe da dama AA suke nema.

Matsalar ta fi bayyana a wurin cike fom. Makaho yana aiki ne da manhajar da ke karanta masa allo da murya, kamar NVDA a kwamfuta ko TalkBack a wayar Android. Idan wanda ya gina shafin bai liƙa wa kowane akwati sunansa ba, manhajar za ta ce "akwatin rubutu" kawai, mutum bai sani ba ko suna ake nema ko lambar waya. Takardar da aka ɗauki hotonta aka ɗora a matsayin PDF ta fi wannan muni, domin hoto ce zalla, manhajar ba ta ganin ko harafi ɗaya a ciki. Haka gwajin nan na "zaɓi hotunan da ke da mota" da ake yi don tabbatar da cewa mutum ne ba na'ura ba, in ba a tanadi wata hanyar ba, ƙofa ce aka rufe.

Sai launi. A matakin AA, dole bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma rubutun ya karantu ko an ninka girmansa biyu. Kuskure ma kada a nuna shi da jan launi kaɗai, a rubuta: "Lambar wayar ba ta cika ba." Idan shafi yana da wa'adin lokaci, a gargaɗi mutum, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari. Mai bugawa da yatsa ɗaya bai kamata ya rasa aikin rabin awa ba.

Akwai manhajojin da ke duba shafi da kansu, amma wani ɓangare na kurakuran kawai suke kamawa. Za su gane cewa hoto ba shi da bayanin da za a karanta wa makaho, ba za su gane ko bayanin yana da ma'ana ba. Gwajin da ya fi tona asiri shi ne a ajiye linzamin kwamfuta, a cike fom ɗin da maɓallan kwamfuta kaɗai, irin su Tab da Enter, daga akwatin farko har zuwa "Aika". Duk inda aka maƙale, daga nan gyara zai fara.