Tsoffin mujallun zane na Birtaniya: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, shi ya sa na tara su wuri guda. Kafin ka sake turo mini hoton wata mujalla kana cewa "Malam, duba mini wannan", ka karanta tukuna.

Waɗanne mujallu ake nufi?

Na yara, masu ba da labari cikin zane, yawancinsu mako-mako suke fitowa, a kan takarda irin ta jarida. The Dandy ta fara a Disambar 1937, The Beano a ranar 30 ga Yulin 1938, dukansu daga kamfanin DC Thomson na birnin Dundee. Eagle ta zo a Afrilun 1950, 2000 AD a Fabrairun 1977. Akwai na 'yan mata irin su Bunty da Misty, na yaƙi irin Commando, na ƙwallo irin Roy of the Rovers. Superman da Batman ba sa ciki, na Amurka ne.

In kai a yi mata laminatin?

A'a. Kada ka kuskura. Zafi da gam ne ake manna wa takardar, kuma in sun kama ba mai iya raba su har abada. Salatif ma haka: bayan 'yan shekaru ledar ta faɗi, gam ɗin ya zauna ya bar tabo mai ruwan ƙasa wanda ya ratsa har bayan shafin. In ta yage, bar ta a yage.

Tawa ta yi ruwan ƙasa, gefenta yana marmashewa. Ni na lalata ta?

Kwantar da hankalinka, ba kai ba ne. Da niƙaƙƙen itace aka yi takardar, ba a cire mata sinadarin lignin ba, shi kuwa da ya haɗu da haske da iska sai ya sauya launi, asid ɗin da ke jikinta kuma yana ta cin zarenta a hankali. Masu bugawa ba su yi ta don ta shekara tamanin ba. Sun yi ta ne yaro ya karanta, ya ba ƙanensa, a yar. Ba za ka iya mayar da ita sabuwa ba, amma kana iya rage saurin mutuwarta, kuma wannan ne aikin da ke gabanmu.

Nawa za ta yi in na sayar?

Galibi kuɗi kaɗan. Beano ta shekarun 1970 da 1980 an buga ta da yawan gaske, har yau ana sayar da ita ɗauri-ɗauri. Abin da ke da tsada fitowar farko ce, sai na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai wadda kyautar da aka maƙala mata take nan ba ta ɓata ba. Beano ta farko kwabo biyu aka sayar da ita, da abin rufe fuska na wasa a matsayin kyauta. Yau dubban fam take yi a wurin gwanjo. Na lokacin yaƙi kuwa sun yi wuya ne saboda ƙarancin takarda: daga 1941 zuwa 1949 Beano da Dandy karɓa-karɓa suka riƙa yi, wannan mako waccan, mako mai zuwa ɗayar, kuma yara da kansu suka riƙa kai tsoffin a sake sarrafa su. Sannan ka sani an sha sake buga kwaikwayon fitowar farko don tunawa. In ka ga "lamba ta 1" fara tas ba tabo, ka fara da zargi.

An rubuta suna da fensir a saman bangon. In goge?

Bar shi. Mai shagon jarida ne ya rubuta sunan gidan da ya ajiye wa kwafin, ko wanda yaron rabon jarida zai kai wa. Tarihin mujallar ne. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne shafukan da babu. Bunty ta daɗe tana sa hoton 'yar tsana da tufafinta a shafin baya don yarinya ta yanka da almakashi, kuma sun yanka ɗin. Wasu an cire musu takardar gasa, wasu hoton tsakiya. Ƙirga shafi kafin ka biya, ba bayan ka dawo gida ba.

Kyamarar waya ta isa wajen ɗaukar hoton shafukan?

Don karatu, ta isa. Don adanawa, ba ta isa ba sai in ba yadda za ka yi. Nemi sikana mai faɗin A3, domin mujallun Birtaniya da yawa sun fi na Amurka girma, irin su Eagle da Topper da Beezer ba sa shiga A4. Sa ta a 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto), mai launi, ko da shafin baƙi da fari ne, ka ajiye a TIFF, irin fayil ɗin hoton da ba ya rage inganci. Ka ɗora baƙin kwali a bayan shafin da kake ɗauka, in ba haka ba zanen ɗaya gefen zai leƙo ta cikin takardar. Kashe duk wani gyaran da na'urar ke yi da kanta.

In cire 'yan ƙarafan da aka ɗinke tsakiyarta da su, don ta kwanta sosai a kan sikana?

To, nan ne ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka "e" ko "a'a" kai tsaye bai ga mujallar da ke hannunka ba.

Fara da duba ƙarafan. Buɗe tsakiyar a hankali a kan tebur mai tsabta. In suna sheƙi, takardar da ke kewaye da su lafiya lau, ni dai ba zan taɓa su ba. Masu saye suna ɗaukar cire ƙarfe ko sauya shi a matsayin gyara, kuma gyara yana rage daraja, ko da an yi shi da kyau. In kuwa sun yi tsatsa, ka ga jan zobe ya kewaye ramin, shafin tsakiya ya fara lilo, to lissafi ya sauya, domin tsatsar ba za ta tsaya ba, za ta ci gaba da cin takardar har shafukan su rabu da kansu. A irin wannan hali masu adana takardu a ɗakunan tarihi sukan cire. Amma su suna da kayan aiki da hannun da ya saba, kai wataƙila ba ka da su.

Sai tambaya ta biyu: kwafi nawa ne a duniya, nawa ne a wurinka? In kana da biyu na fitowa ɗaya, ɗauki wadda ta fi jin jiki ka kwance ta, ka bar mai kyan. In 2000 AD ce ta tsakiyar shekarun 1980 wadda za ka sake samu da kuɗi kaɗan, asarar ba ta da yawa. In ta lokacin yaƙi ce, ko fitowar farko ta kowace mujalla, ina roƙonka kada ka koyi aiki a kanta. Ɗauke ta da kyamara daga sama, a buɗe rabi, da abin tokara a ƙarƙashin kowane gefe, fitila biyu hagu da dama. Hoton ba zai kai na sikana ba, amma mujallar za ta tashi da ranta. Haka kuma manyan littattafan shekara-shekara masu bangon kwali da ake fitarwa gabanin Kirsimeti: kada ka danne su a kan gilashi, ƙashin bayansu karyewa yake yi.

In duk da haka ka yanke shawarar cirewa, ka manta da abin cire ƙarfe na ofis, yaga takarda yake yi. Nemi wani ƙarfe siriri marar kaifi, ka zura guntun leda mai kauri a ƙarƙashin ƙafar ƙarfen don kare takardar, ka ɗaga ƙafafun biyu su miƙe tsaye, sannan ka juya mujallar ka zare ta waje. In ƙafar ta karye saboda tsatsa, kada ka ja, tura guntun ka fitar. Ka kuma shirya wa abin da zai biyo baya: da zarar ka kwance, shafukan ba a jere za su zo ba. A mujalla mai shafi 32, na 1 yana takarda ɗaya da na 32, na 2 da na 31, haka har tsakiya, sai ka raba hotunan ka sake jera su a kwamfuta. Bayan ka gama kada ka sa sabon ƙarfe na ofis, shi ma tsatsa zai yi. Ko ka ajiye ta a kwance cikin ninkakkiyar takarda marar asid, ko ka ɗinke ta da zaren lilin ta tsoffin ramukan. Ka rubuta a wata 'yar takarda cewa ka cire, da ranar, don wanda zai gaje ta ko ya saya kada a yaudare shi.

Akwai kuma wadda ta riga ta bushe ƙayau, kana buɗe ledarta kana ganin ɓurɓushi a ƙasa. Wannan buɗewa ɗaya ta rage mata, wataƙila biyu. Shirya komai tukuna, kyamara da haske da wurin ajiyar hotunan, sannan ka buɗe.

In mayar da shafin fari a kwamfuta?

A kwafin karatu, yi yadda kake so. Hoton asali kuwa kada ka taɓa shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu yanke talla da shafin wasiƙun yara wai don "labarin kawai ake so". Tallar alewa, farashin da ke bango, wasiƙar yaron da ya ci kyauta, su ne ke nuna yadda yaran Birtaniya suka rayu a lokacin. Labarin Dan Dare na Eagle ko na Judge Dredd na 2000 AD an sake buga shi cikin littattafai. Waɗannan shafukan ne ba wanda zai sake bugawa. Ɗauki komai, daga bango zuwa bango, har da gefen takardar.

Mene ne CBZ?

Fayil ne na karanta mujallar zane a na'ura: ZIP ne mai hotunan shafuka a jere, aka sauya masa suna. CBR kuma RAR ne. Sa wa hotunan lamba 001, 002, 003, in ba haka ba shafi na 10 zai riga na 2.

Tunda na yi sikanin, sai in rabu da takardar?

Haba ɗan'uwa! Takardar da ta shekara saba'in a kwali ka fi amincewa da ita, ko filashin da ka saya bara? A Oktoban 2023 masu kutse suka afka wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke Landan, ayyukansa na intanet suka tsaya wata da watanni, alhali littattafan suna nan a kan kantoci. Riƙe takardar. Fayilolin kuma ka yi musu kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya ba a gidanka ba, kuma ka riƙa buɗe su lokaci-lokaci ka tabbatar suna nan.

Zan iya sa su a intanet kowa ya sauke? Ai sun tsufa.

Tsufa ba ya cire haƙƙin mallaka. A Birtaniya yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai aikin. Dudley Watkins da ya zana Desperate Dan na Dandy ya rasu a 1969, Leo Baxendale mai Bash Street Kids na Beano a 2017, yi lissafi. DC Thomson na nan, Beano na fitowa har yau, Dandy ce ta daina fitowa mako-mako a takarda a Disambar 2012. Kamfanin Rebellion na Oxford, mai 2000 AD, ya sayi tarin tsoffin mujallun kamfanonin IPC da Fleetway a 2016 da 2018, yana kuma sake buga su. In abin da kake nema yana cikin waɗanda aka sake bugawa, saya.

Ina zaune a ƙasa mai zafi. Yaya zan ajiye su?

A kwance, kowace a ledar polyester ko polypropylene da kwali marar asid a bayanta, ban da ledar PVC. Sa su a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga, nesa da rufin kwano, a kan kanta ba a ƙasa ba, kada kuma su jingina da bango saboda gara. Da damina ka riƙa buɗe akwatin kana shinshinawa. In ka ji warin fumfuna, ware wadda ta kamu nan take ka shanya ta a inuwa, ba a rana ba. Kada ka fesa maganin kwari a kan takardar, fesa a ɗakin bayan ka fitar da akwatin.