Harshe da ɗora murya a wasannin bidiyo na faɗa

Ɗora murya a wasannin bidiyo na faɗa shi ne aikin zaɓar harshen da kowane jarumi zai yi magana da shi, da ɗaukar muryar mutumin da zai yi masa maganar. Aikin ya haɗa da kirarin da jarumi ke yi kafin a kara, da sunan bugun da yake kira yayin kai hari, da nishi da ihun shan duka, da hirarrakin da ke cikin labarin wasan.

Asali

A Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom ya fitar a 1991, murya ba ta wuce 'yan gajerun kalmomi ba, saboda ma'ajiyar injinan lokacin ƙarama ce. Ryu da Ken suna kiran "Hadoken" da "Shoryuken" da Japananci, Guile kuma yana kiran "Sonic Boom" da Turanci. A Mortal Kombat na 1992, Ed Boon, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, shi ne ya yi muryar Scorpion lokacin da yake fizgo abokin karawa. Da faifai ya maye gurbin ƙananan ma'ajiyu, sai dogayen maganganu suka samu wuri.

Hanyoyin da kamfanoni ke bi

Street Fighter yana zuwa da jerin muryoyi biyu, na Japananci da na Turanci. A Street Fighter IV na na'urorin gida (2009), mai wasa yana iya zaɓar wa kowane jarumi harshensa daban, ya bar Ryu da Japananci ya ba Guile Turanci. Sunayen bugu irin su "Shoryuken" ba sa canzawa ko da an koma Turanci. Sababbin wasannin Mortal Kombat kuwa ana ɗaukar muryarsu da Turanci, sannan a sake ɗora musu wasu harsunan Turai, ciki har da Faransanci.

Tekken na Bandai Namco ya bi wata hanya: murya ɗaya ce ga duniya baki ɗaya, kuma jarumai da yawa suna magana da harshen ƙasarsu. Hwoarang yana yin Koriyanci. Tun daga Tekken Tag Tournament 2, Lili 'yar Monako tana yin Faransanci, Leo Jamusanci, Miguel Sifaniyanci. Tekken 7 ya kawo Shaheen ɗan Saudiyya da Larabci, da Claudio da Italiyanci. A Tekken 8 na 2024, ɗan fim ɗin Faransa Vincent Cassel ne ya yi muryar Victor Chevalier. Kowa yana yin nasa harshen, ɗayan ya amsa da nasa, ba tafinta, har da jarumi mai suna Kuma wanda beyar ne mai gurnani. Tsarin bai cika ko'ina ba: Ling Xiaoyu 'yar Sin ce amma Japananci take yi, haka ma Lars ɗan Suwidin.

Murya a matsayin alama

Waɗannan wasanni suna tafiya da firam 60 a daƙiƙa ɗaya, wato hotuna 60 da ke bayyana a allo ɗaya bayan ɗaya. Naushi mafi sauri na yawancin jaruman Tekken yana fita a firam 10, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Babu kalmar da za ta shiga wannan ɗan tsakanin, shi ya sa ƙananan bugu ke samun nishi kawai, ana ajiye kalmomi ga manyan bugu. Akan ɗauki nishi kala-kala don duka mara nauyi da mai nauyi da na faɗuwa, domin kada sauti guda ya riƙa maimaituwa ya gundiri kunne.

Ƙwararren ɗan wasa yana kare kansa da kunne kamar yadda yake yi da ido. Sauya harshe ba ya ƙara wa bugu firam ko ɗaya, amma yana sauya gaɓar da kunne ya saba kamawa, sai hannu ya makara.

Inda ake samun matsala

Idan an tsara motsin baki a kan Japananci sannan aka ɗora wani harshe, jimla takan ƙare baki na ci gaba da motsi. Faransanci yakan fi Turanci tsawo, don haka mai fassara yana datse magana ta dace da lokacin hoton, wani lokaci habaicin da ke cikinta ya salwanta. Ɗaukar fitaccen mutum ma ba tabbas ba ne: muryar Ronda Rousey a matsayin Sonya Blade a Mortal Kombat 11 (2019) ta sha suka sosai.

A arewacin Kamaru da Chadi

A gidajen gem (shagunan buga wasannin bidiyo) na Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena, akan saita na'ura da Faransanci, harshen makaranta. Wasu wasannin suna bin harshen na'urar ne kai tsaye, don haka wanda ke son muryar Turanci sai ya shiga saitin na'urar ya sauya, sannan ya sake kunna wasan. Saita Faransanci kuma ba ya nufin murya za ta koma Faransanci: Dragon Ball FighterZ (2018) yana da muryar Japananci da Turanci ne kaɗai, Faransancin a rubutun ƙasan allo yake.

Tsarin Tekken ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba da kasuwar Marwa, inda ake taya kaya da Hausa a amsa da Fulatanci. Sai dai Larabcin Shaheen ba irin na titin Njamena ba ne, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan manyan wasanni da ke da muryar Hausa ko Fulatanci daga kamfani. Inda talabijin da yawa ke jere a ɗaki guda ga kuma ƙarar janareta, mai gidan gem yakan rage sauti, alamun kunne su ɓace. Maganin shi ne a shiga saitin sauti na wasan a rage kiɗa, a bar murya da ƙarar duka a sama.