Alaƙar Ciwon Dasashi da Ciwon Suga

Ciwon dasashi wani kumburi ne da ke kama naman da ya riƙe haƙori, in ya daɗe kuma har ƙashin da saiwar haƙorin ta kafu a ciki yake cinyewa. Likitoci sun daɗe da lura cewa shi da ciwon suga tafiyarsu ɗaya ce, kowanne na rura wutar ɗan'uwansa. Mai ciwon suga haɗarin kamuwarsa da mummunan ciwon dasashi ya ninka na wanda ba shi da shi sau 2 zuwa 3, musamman in sugan ba ya saituwa.

Abin yana farawa ne daga wannan dauɗar mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, wadda cike take da bakteriya. In ba a goge ta ba sai ta daskare ta zama kamar dutse, burushi ba ya iya cire ta kuma. Matakin farko dasashi ya yi ja ya kumbura, mutum na goge baki sai ya tofar ya ga kumfar ta koma ja-ja, da yawa kuma sai su ce ai burushin ne ya yi tauri, alhali dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini haka kawai. A wannan matakin ana warkewa tas. Amma in aka bar shi sai naman ya fara sakin haƙorin, wani ɗan rami ya buɗe tsakaninsu, likita na auna zurfinsa da wani siririn ƙarfe, milimita 1 zuwa 3 lafiya lau ne, daga 4 zuwa sama kuwa an fara shiga matsala. Daga nan sai warin baki, mugunya, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, ya fara girgiɗi, kuma abin takaicin shi ne yawanci ba ya ciwo sai ya riga ya yi nisa, ƙashin da ya zaizaye kuma ba ya dawowa da kansa.

To ina suga ya shigo? Suga in ya daɗe yana sama a jini yana manne wa furotin na jiki, ya lalata ƙananan jijiyoyin jini, ya kuma raunana fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cuta, sai jiki ya riƙa kumburi fiye da kima amma rauni ya ƙi warkewa da wuri. Ga kuma bushewar baki da ke damun masu suga da yawa, yawu kuwa shi ke wanke baki dare da rana. Wannan ya sa a 1993 wani masanin haƙori, Harald Löe, ya kira ciwon dasashi illa ta shida ta ciwon suga, bayan irin su ido, ƙoda da jijiyoyi. Binciken da aka yi shekara da shekaru a kan al'ummar Pima na jihar Arizona a Amurka, waɗanda ciwon suga nau'i na 2 ya yi wa katutu, yana cikin abubuwan da suka fara fito da alaƙar fili.

Ɗaya ɓangaren shi ne mutane suka fi mantawa, kuma gaskiya shi ya fi kamata a riƙa faɗa. Ramukan nan na gindin haƙori buɗaɗɗen gyambo ne a cikin baki, kullum bakteriya da sinadaran kumburi suna tsiyaya daga nan zuwa cikin jini, su kuma waɗannan sinadaran suna sa jiki ya daina jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, sai ka ga mutum yana shan magani a kan lokaci, yana kiyaye abinci, amma lambar awon sugansa ta ƙi sauka, ashe wani ɓangare na matsalar a bakinsa yake.

Magani kuwa ba wani abu ne mai sarƙaƙiya ba. Likitan haƙori zai kankare dauɗar da ta daskare har can ƙarƙashin dasashi, ya goge saiwar ta yi santsi, wani lokaci da allurar kashe zafi, in ramin ya yi zurfi sosai ne ake kaiwa ga tiyata. Wani nazari na Cochrane, wata ƙungiya mai tace binciken lafiya, da ya fito a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna wannan wankin yana rage awon HbA1c, wato matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3, da kusan 0.4 cikin ɗari bayan wata 3 zuwa 4. Lambar kamar ƙarama, amma duk mai fama da suga ya san wuyar sauke ta ko da kaɗan ne. Sai dai wankin ba ya maye gurbin maganin suga.

Shan sigari yana ƙara dagula komai, har ɓoye zubar jinin yake yi saboda yana matse jijiyoyin jini, mutum ya ɗauka lafiya yake. Shi ya sa ake so mai suga ya gaya wa likitan haƙori halin da yake ciki kafin a taɓa shi, ya riƙa goge baki sau 2 a rana tare da tsaftace tsakanin haƙora, shi kuma wanda dasashinsa ke yawan ƙurji ko ya ƙi warkewa bayan magani, a kan tura shi awon suga, don akwai waɗanda a kujerar likitan haƙori aka fara zargin suna da ciwon.