Iskar Sama da Ruwan Damina: Shin Kwamfuta Ta San Hanyar Hadari?

Teku na kudu, to me ya sa hadari ke taso mana daga gabas?

Danshin kam daga Tekun Atlantika iskar damina ke kwaso shi ƙasa-ƙasa. Amma can sama akwai iskoki biyu masu gudu daga gabas zuwa yamma. Ta farko tana wajen kilomita 3 zuwa 4 a sama. Bambancin zafin Sahara da sanyin gaɓar teku ne ke haifar da ita, kuma ita ke koro hadari, sau da yawa duk bayan kwana 3 zuwa 5. Ta biyu ta fi nisa, kilomita 12 zuwa 15, tana tasowa daga Asiya ta ratso Indiya. Masanin Indiya Koteswaram ne ya bayyana ta a 1958.

Ina ruwan manomin shinkafa a fadamar Argungu da su?

Da ruwansa ƙwarai. A shekarun albarka, ta saman tana ƙarfi, ta ƙasan ta matso arewa. A shekarun fari irin na 1973 da 1984, akasin haka ake gani.

To manhajojin hasashen yanayi suna kamo su daidai?

Suna nuna iskokin biyu da zuwan damina da tafiyarta, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai da yawansu na ɗumama ruwan Tekun Gini, wato ɓangaren Atlantika da ke kudu da mu, fiye da yadda yake, sai ruwan sama ya maƙale a kudu, bai hauro inda ya kamata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne hadarin kansa. Manhajojin suna yanka duniya gida-gida, kowane gida kusan kilomita 100, ƙauyuka masu yawa a dunƙule wuri guda. Hadari bai cika wannan faɗin ba lokacin da yake haɗuwa, don haka kintatarsa suke yi. Sai su ba da yayyafi kusan kullum da tsakar rana. Mu kuwa mun san namu: guguwa da la'asar ko cikin dare, ruwa kamar da bakin ƙwarya, sannan a yi kwanaki shiru. Manhajar da hukumar yanayi ta Ingila ta gwada wa Afirka da gidaje na kilomita 4.5 ta fi kusantar wannan, amma tana cin kuɗi da ƙarfin kwamfuta.

Nan gaba ruwa zai ƙaru ne ko zai ragu?

Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya karkata ga ƙaruwa a tsakiyar Sahel, inda muke, da raguwa can yamma wajen Senegal. Manhajojin sun saɓa kan yawansa. Ƙarin ruwa kuma ba lallai ya zama alheri ba, wanda ya ga ambaliyar da ta cinye shinkafar Kebbi a 2020 ya sani.

To mu yarda da hasashen NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya?

A saurari na shekara don zaɓen iri da shirin ambaliya. Ranar shuka kuwa, a haɗa hasashen 'yan kwanaki da jiƙar ƙasar gonarka.